Fijo 504: Motar Da Ta Yi Tsere Har Kano, Da Yadda Wayar Hannu Za Ta Taimaka A Sake Gina Ta

A garuruwa irin su Batsari da Safana da Runka, da wuya a shiga garejin kanikawa a rasa gangar jikin tsohuwar Fijo a yashe a gefe, tayoyi sun sace, gilas ya fashe, awaki na fakewa a inuwarta. Tun da Golf ta karɓe lodin fasinja da na buhunan rogo a hanyoyin yammacin Katsina, 504 ta koma jiran ɗayan abu biyu: a riƙa zare mata kaya ana sa wa wata, ko 'yan gwangwan su zo su daddatsa ta su ɗora a sikeli.

Yawancin matasan da ke wuce ta da waya a hannu sun san ta ne a matsayin motar kakanni da tsofaffin ma'aikatan gwamnati. Kaɗan ne suka san cewa irin wannan motar ce ta zo ta biyu da ta uku da ta huɗu a wata gasar tsere ta duniya da ta ratsa Hamadar Sahara har Kano. A yau kuma a Turai da Kenya akwai masu kashe kuɗi da lokaci a kan irin wannan gangar jiki, domin su mayar da ita yadda motocin tseren wancan zamani suke.

Rabin wannan aiki kanikawan yankin sun daɗe da iya shi, domin ƙarfafa mota ta jure mummunar hanya shi ne abincinsu na kullum. Sauran rabin, wato takardu da awo da lissafi, yanzu yana cikin wayar da ke aljihun yaran shagonsu.

Gasar da ta iso Kano a 1974

A watan Mayu na 1974, gabanin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya a Jamus, an shirya tseren motoci na dogon zango daga Landan zuwa Munich. Masu shirya gasar ba su bi gajeriyar hanya ba. Sun tsara motocin su tsallaka Afirka, su ratsa Aljeriya da Nijar, su sauko har Kano, sannan su juya arewa zuwa Tunisiya su koma Turai.

Motoci 70 aka yi wa rajista, 19 ne suka kai ƙarshe. Babban abin da ya tarwatsa su kuskure ne a littafin hanya. Tsakanin lokacin da aka rubuta bayanin hanyar da ranar gasar, an ƙara wa wani titi tsawo a Aljeriya, sai bayanin ya daina dacewa da abin da ke ƙasa, direbobi da yawa suka ɓace a cikin hamada. Har shahararren direban nan na Ingila, Stirling Moss, a can tafiyarsa ta ƙare. Motoci bakwai kacal suka iso Najeriya, biyar daga ciki suka kammala dukan zangon.

Wasu 'yan Ostireliya uku, Ken Tubman da Jim Reddiex da André Welinski, su suka yi nasara da Citroën DS, da tazarar fiye da awa 28. Motoci ukun da suka biyo bayansu duk Fijo 504 ne. Wadda ta zo ta biyu mata biyu ne 'yan Faransa a cikinta, Christine Dacremont da Yveline Vanoni. Ta uku ta Bob Neyret ce, likitan haƙori wanda ya kafa ƙungiyar tasu. Ta huɗu ma mata ne suka tuƙa ta, Claudine Trautmann da Marie-Odile Desvignes.

Shekarar da ta biyo baya ta Fijo ce. A 1975 Ove Andersson ɗan Suwidin ya lashe gasar Safari ta Kenya da 504 mai ƙofa huɗu, ya bar motocin Lancia Stratos biyu a bayansa, alhali su don tsere kaɗai aka ƙera su. A shekarar ce Hannu Mikkola ya lashe gasar Maroko da 504, mai karanta masa hanya kuwa shi ne Jean Todt, wanda ya shugabanci hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, daga 2009 zuwa 2021. Gasar Bandama ta Kwaddebuwa ma 504 ce ta cinye ta a 1975. Kuma a wannan shekarar ce masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983. Dalilin yawan gangar jikinta a Arewa ke nan.

Ƙananan motoci ma suna da nasu tarihin. Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ta lashe Safari a 1962. A tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978 ya bi ta Agadas da Yamai, 'yan'uwa biyu Claude da Bernard Marreau sun zo na biyu a rukunin motoci da 'yar ƙaramar Renault 4. Darasin duk ɗaya ne: a hanyar ƙasa, motar da ba ta karye ba ita ke cin wadda ta fi gudu.

Me ake nufi da sake gina motar tsere?

Fenti da manna lambobi a ƙofa ba su mayar da mota ta tsere. Masu wannan sana'a suna farawa ne daga takarda. Kafin a bar kowace mota ta shiga gasar ƙasa da ƙasa, sai kamfaninta ya cike wa FIA takardar shaidar ƙira, wadda ake kira homologation a Turance. A shekarun 1970, shiga rukuni na 1 na buƙatar a ƙera mota 5,000 iri ɗaya cikin wata 12, rukuni na 2 kuwa, inda aka yarda a yi gyare-gyare masu yawa, mota 1,000. Takardar na ɗauke da nauyin motar, faɗinta, girman fiston, lissafin haƙoran giya, irin birki, tare da hotunan sassan.

A da, sai mai hanya ke ganin waɗannan takardu. Yanzu FIA ta zuba su a rumbunta na intanet mai suna FIA Historic Database, inda ake nemo mota da sunan kamfani a buɗe takardarta. Rubutun na Faransanci da Ingilishi ne, amma Google Lens na fassara shafi daga hoton allo. Ita ce ma'aunin da ake gwada komai da shi: abin da ke cikinta ya halatta, abin da babu sai ƙa'idar rukunin ta ba da izini.

Akwai matakai uku da ya kamata a bambance. Na farko, ainihin motar da ta yi gasar, mai lambar shasi da tarihi ya sani. Irin waɗannan suna hannun masu tara kayan tarihi ko gidajen adana motoci kamar na Fijo da ke Sochaux a Faransa. Na biyu, kwafi mai bin ƙa'ida, wanda aka gina daga gangar jikin gama-gari daidai da takardar ƙira. Na uku, mota mai kama, wadda ta ɗauki siffar amma cikinta na zamani ne. Duk ukun suna da mutunci muddin mai su bai yi ƙarya ba. Ko fasfon da FIA ke bai wa tsofaffin motoci shaida ce kawai ta cewa motar ta dace da ƙirar zamaninta, ba ya cewa ita ce ta asali. Sayar da kwafi da sunan asali damfara ce.

Zaɓen gangar jiki

Motocin Arewa suna da wata falala da na Turai ba su da ita. A can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, yana cinye ƙarfen mota daga ƙasa. A Batsari da Safana iska busasshiya ce mafi yawan shekara, don haka tsatsa ba ta cika yin nisa ba. Ciwon motocin nan daban ne: gajiyar ƙarfe. Shekaru na lodin da ya wuce kima a kan gargada suna tsaga wurin da shokazoba ke zama, da gindin ginshiƙan ƙofa, da inda ƙafafun baya suka haɗu da bodi.

Gwaji mafi sauƙi shi ne na tef. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen daɓe, a auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu a ƙarƙashin bodin, sannan a auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu ya saɓa sosai, motar ta taɓa karkacewa. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta ita ma alama ce. Ƙaramin maganaɗisu na tona inda fanabita ya cike rami da ƙullun bodi, domin ba ya kamawa a wurin.

A duba farantin lamba da ke cikin bonet, a ɗauki hotonsa, a gwada da takardun motar. Gangar jikin da ba ta da takarda ko tarihin mai ita, komai arharta, rigima ce ake saye. Salun aka yi tseren da ita, don haka ita ake nema. Wagon da a-kori-kura ƙafafunsu na baya daban ne, an yi su ne don kaya. Injin da ya dace shi ne mai fiston huɗu na lita biyu, wato cc 1971, wanda shi ne kanikawan Arewa suka fi sani.

Ƙarfin lodi daban, ƙarfin tsere daban

Bakaniken da ya saba shirya mota don ranar kasuwa yakan ƙara sifirin, ya cusa roba, ya ɗaga bayan motar domin ta ɗauki buhu goma ba ta zauna ba. Wannan dabara tana aiki idan akwai kaya. Motar tsere mutum biyu kawai take ɗauka, kuma in aka sandarar da ƙafafunta haka, tsalle za ta riƙa yi, tayar da ke sama kuwa ba ta birki ba ta kwana. Abin da ake so shi ne ƙafa mai doguwar tafiya sama da ƙasa, da shokazoba mai jure zafi. Man da ke cikin shokazoba na yin kumfa idan ya sha gargada na dogon lokaci, shi ya sa ake amfani da mai iskar gas a ciki.

Bodin kuwa a masana'anta da ɗigo-ɗigon walda aka haɗa shi. Masu shirin tsere sukan tuɓe motar tas, su kankare fenti a bakin kowane haɗi, su bi shi da walda ɗinki-ɗinki, kamar tsawon gaɓar yatsa a tsallake a sake. Idan aka ja waldar a miƙe ba tsayawa, zafi zai murɗe farantin. Ana ƙara faranti a kan mazaunin shokazoba, a sa garkuwar ƙarfe ko ta alminiyom mai kauri a ƙarƙashin injin don kare tukunyar baƙin mai daga dutse, a sa wata a ƙarƙashin tankin fetur. Kafin a kunna wutar walda, sai an sauke tankin an kai shi nesa. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage.

Kejin ƙarfe: inda ba a yin arha

Abin da ya raba motar tsere da akwatin gawa shi ne kejin bututun ƙarfe da ake ginawa a cikinta, wanda ke hana rufin danne mutane idan ta kife. A nan ƙa'idar FIA ta zamani ta fito da lambobi ƙarara. Bututun ya zama na ƙarfe marar ɗinki a jikinsa. Babban bakan da ke bayan kujeru ya kai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko faɗin 50 da kaurin 2. Sauran sandunan su kai 38 da 2.5, ko 40 da 2. Duk inda ƙafar kejin ta sauka a bodi, a sa farantin da bai gaza kaurin milimita 3 ba, domin kada bututun ya huda daɓen motar ya wuce.

Bututun ruwa da na rumfar biki ba sa wannan aiki. Suna da ɗinki a tsawonsu, wurin da suke tsagewa idan sun sha duka, kuma hayaƙin waldar bututu mai farin shafi yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Lanƙwasa ma sai da injin da ba ya matse bututun, ba a gasa shi da wuta a tanƙwara. Kejin da aka yi da mugun ƙarfe ya fi rashinsa illa, domin in ya karye shi ne zai zama mashi a cikin motar.

Keji ba ya tafiya shi kaɗai. Sai da kujerar tsere mai riƙe jiki, da bel mai igiya biyar ko shida, da hular kwano ta tseren mota, da tukunyar kashe gobara a inda hannu zai kai, da makunni ɗaya mai yanke wutar batir gaba ɗaya. Wanda ya zauna cikin keji babu hula, kansa ne zai bugi ƙarfen.

Birki da taya su ne na gaba. Man birki yana shan danshin iska, kuma idan ya tafasa ƙafa za ta nutse har ƙasa motar ba ta tsaya ba. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, na DOT 4 kuwa 230, amma in sun tsufa sun sha danshi lambobin kan sauko zuwa wajen 140 da 155. A zubar da tsohon, a canza dukan robobin bututun birki. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo mai kyan zane wadda ta shekara goma robarta ta riga ta bushe. Tsarin kashe kuɗin ke nan: keji, birki, taya, ƙafafu, sanyaya injin da lagireto mai tsabta, tace ƙura. Ƙarin ƙarfin injin shi ne na ƙarshe.

Kwafin kayan da suka ɓace

Kayan injin 504 da na ƙafafunta har yanzu ana laluben su a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Masu wuyar samu su ne ƙananan abubuwa: maɓallan dasbod, mariƙin fitila, murfin madubi, tambarin zaki. A nan waya ke shigowa.

Manhajoji irin su Polycam da KIRI Engine suna haɗa hotuna da yawa su fitar da siffar abu mai tsawo da faɗi da zurfi. Ana aro kayan daga motar wani, a ɗora a tebur a inuwa mai haske, a zagaye shi ana ɗaukar hotuna hamsin zuwa ɗari, kowane hoto na haɗa wani sashe da na bayansa. Abu mai ƙyalli yana rikita manhajar, don haka a barbaɗa masa hoda ya dushe. A ajiye rula a gefensa domin a san ainihin girman, sannan a tabbatar da ramukan noti da ma'aunin kanikawa mai baki biyu, don hoto ba ya kama rabin milimita. Daga nan sai a gyara zanen a kwamfuta da FreeCAD, wadda kyauta ce.

Wajen bugawa da injin 3D, nau'in roba na da muhimmanci. PLA, wadda ta fi araha, tana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da dasbod ke iya kaiwa a ranar Afrilu a Katsina. ABS ko ASA sun fi jurewa. Akwai kuma hanyar da ta fi dacewa da yankin: a buga siffar da roba, a kai wa masu zubin tukwanen alminiyom, su danna ta a yashi su zuba narkakken ƙarfe. A ƙara wa siffar girma da ɗan abin da ya haura kashi 1 cikin 100, domin alminiyom na tsukewa idan ya huce. Wannan duk na kayan ado ne da mariƙai. Abin da ya shafi birki ko sitiyari ko ƙafa ba a buga shi, ba a zuba shi a yashi.

Waya a matsayin na'urar awo

504 ba ta da kwamfuta a jikinta, saboda haka 'yar na'urar nan ta OBD da ake soka wa motocin zamani a karanta da waya ba ta da mazauni a nan. Amma wayar kanta cike take da na'urorin awo. Manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta fitar kyauta, tana nuna girgiza a zane. A ɗaure wayar da kyau a daɓen motar, a bi kan tudu ɗaya da gudu ɗaya kafin canza shokazoba da bayan canzawa, zanen zai nuna sau nawa motar ta yi lilo kafin ta natsu. Gardamar gareji ta ƙare ke nan.

Da makirfo ma ana iya sanin juyin injin. Injin mai fiston huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi, don haka idan manhajar ta nuna ƙarar salansa ta fi ƙarfi a 100 Hz, a ninka da 30, injin na juyi 3,000 a minti.

Awon nisa shi ne zuciyar wannan wasa, kamar yadda waɗanda suka ɓace a Aljeriya a 1974 suka gani. GPS na yawancin wayoyi sau ɗaya yake sabunta wuri a daƙiƙa, motar da ke gudun kilomita 60 a awa kuwa tana cin kusan mita 17 a wannan daƙiƙar. Mai son daidaito zai iya haɗa nasa ma'aunin da allon ESP32 ko Arduino da 'yar na'ura mai jin maganaɗisu. Tayar salun mai lamba 175 R14 kewayenta kusan mita 2 ne, wato juyi 500 a kilomita. In aka sa maganaɗisu huɗu a jikin ƙafar, kowane bugu rabin mita ne, bugu 2,000 kilomita ɗaya. Allon ya ƙirga, ya tura wa waya ta Bluetooth. Lambar shirin ba ta da tsawo, aiki ne da mai koyon rubuta manhaja zai iya ɗauka a matsayin gwajinsa na farko. A gwada a kan nisan da aka sani, a gyara lissafin, domin iska da nauyi na canza kewayen taya.

Taswira kuma a sauke ta tun ana da data. Mutanen Batsari da Safana ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalili: a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da su biyun, na tsawon watanni. GPS daga tauraron ɗan'adam yake zuwa, ba ya buƙatar sabis. OsmAnd da Organic Maps suna aiki babu intanet, kuma bayanansu daga OpenStreetMap suke, taswirar da kowa ke iya ƙara mata hanyar ƙauyensu.

Mai son zamanantar da injin zai iya duba Speeduino, kwamfutar sarrafa injin mai buɗaɗɗiyar lamba da ke gudana a kan Arduino Mega. Sai dai daga ranar da aka sa ta, motar ta bar sahun kwafi mai bin ƙa'ida ta koma mai kama.

A ina za a tuƙa ta?

Babu filin tseren mota a Batsari ko Safana, kuma titin jama'a ba fili ba ne. Bidiyoyin wasa da mota a wajen biki da hawan Sallah da ke yawo a TikTok ba sa nuna iyalan da aka bari da makoki. Hanyoyin da suka nufi dajin Rugu kuwa ba wurin gwajin mota ba ne, kuma mota mai ƙarin fitilu da ƙarar salansa da ke sheƙa gudu a yankin da ke fama da matsalar tsaro tana iya jawo wa mai ita fassarar da bai yi zato ba daga jami'an tsaro da 'yan sintiri. Duk gwaji ya zama da rana, a killataccen fili, da sanin hakimi da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, ba 'yan kallo a bakin kwana.

Abin da ya fi dacewa da tsohuwar mota ma ba gudu ba ne. Yawancin gasannin tsofaffin motoci na daidaita lokaci ne. Ana ba da matsakaicin gudu, misali kilomita 40 a awa a zangon kilomita 10, ke nan minti 15 cif, kowace kilomita daƙiƙa 90. Wanda ya iso da wuri an ci shi tara, wanda ya makara ma haka. Haka rukunin Dakar Classic yake, wanda aka fara a 2021 a Saudiyya don motocin da suka girmi shekarar 2000. A Kenya akwai East African Safari Classic tun 2003, ita kuwa ta gudu ce sosai. Ɗaliban Faransa na tafiya Maroko kowace shekara da tsofaffin Renault 4 a gasar 4L Trophy, inda lissafin hanya ke ba da nasara. A gida, ƙungiyar Automobile and Touring Club of Nigeria mamba ce a FIA, kuma a bikin kamun kifi na Argungu na 2020 an yi gangamin motoci daga Abuja zuwa Argungu da izinin hukuma. A gasar daidaita lokaci, mai karanta hanya da wayarsa da lissafinsa ya kai direba muhimmanci.

Abin da ba ya jira

Gina cikakkiyar motar tsere aiki ne na shekaru da kuɗi, kuma ba kowa zai kai gare shi ba. Amma abubuwa biyu da ake buƙata suna ƙarewa tun yanzu. Na farko gangar jikin: duk wadda ta hau sikelin 'yan gwangwan ta tafi ke nan, kuma Kaduna ba ta ƙera wata. Na biyu kanikawan da suka koyi aiki a kan 504, waɗanda ke saita kafireta da kunne, suka san inda bodinta ke fara tsagewa. Yawancinsu sun manyanta, yaran shagonsu kuwa Golf da babur suke koyo.

Matakin farko bai wuce ƙarfin mai waya da data kaɗan ba. A nemi izinin mai gareji, a ɗauki hoton motar ta kowane gefe da farantin lambarta, a rubuta samfurinta da halin da take ciki. A zauna da tsohon bakaniken a naɗi bayaninsa cikin Hausa yana nuna kowane sashe da sunan da suke kiransa. A sauke takardar ƙirar daga rumbun FIA a gwada da abin da ke ƙasa. Matasa biyar da suka yi wannan a Batsari da Safana da Ruma da Runka za su tara kundin da babu irinsa da Hausa, kuma daga cikinsa ne za a gane wace gangar jiki ce ta cancanci a saye ta kafin a yanka.